Mantuwar Iya Tabawa

Gidanmu na Agege a bayan layin dogo yake, kusa ƙwarai, har idan jirgi zai wuce sai kwanukan ɗakin uwata su kama rawa. A tsakar gidan nan kakata, Iya Tabawa, take suyar ƙosai da yamma. Idan ƙullu ya ƙare ta sauke kasko, ba ta kashe wutar. Sai ta baje garwashin, ta jefa ɓawon lemo saboda sauro, mu kuwa jikoki da yaran maƙwabta mu kewaye murhun ba tare da an kira mu ba. Iya haifaffiyar Legas ce, kakanta soja ne da ya zo bai koma ba, amma in ta buɗe baki da tatsuniya sai ka rantse jiya ta sauka daga motar Arewa.

"Ga ta nan tafe, a matsa mata," haka take farawa.

Mu kuma mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Sai dai Iya tana da wani ciwo, wai mantuwa. Matar da za ta lissafo maka dangin kowa a unguwa har kakan kakansa, ita ce wai ba ta riƙe tatsuniya. Kullum ana tsakiyar labari sai jirgin da ke dawo da ma'aikata daga cikin gari ya iso, mutane har a kan rufinsa, ƙara ta cika gida, ko ihu ka yi ba mai jin ka. In ya wuce, sai Iya ta dafa kai.

"Af! Jirgin nan ya tafi da labarina. Ina muka tsaya?"

Nan fa baki ya yi yawa, kowa na son ya tuna mata. Ni kaɗai nake shiru. Hausata a lokacin dambu ce, rabi Yarbanci rabi Turancin titi, kuma da na buɗe baki sai 'yan uwana su fashe da dariya. Na ga zaman lafiyata shi ne in rufe bakina in sha labari.

Daren da ba na mantawa, tatsuniyar Shamuwa ta kawo. Wai Shamuwa ta gina rumbu mai kyau, ta cika shi da hatsi, ta kira dabbobi su zo su gani. Kowa ya yaba. Kunkuru ne kawai ya zagaya rumbun a hankali, ya ɗaga kai, ya ce, "Gini ya yi, amma ƙofar nan tsayin wuyanki kika auna." Shamuwa ta ji haushi, ta ce mai jan ciki a ƙasa me ya sani a kan gini. Da lokacin tafiyarta ya yi, ta tashi ta bar 'ya'yanta da rumbu cike. 'Ya'ya suka yi tsalle, suka yi miƙa, ƙofa na can sama. Suka zauna a gindin abinci suna kuka.

Daidai nan jirgi ya zo. Da ya wuce, Iya ta dafa kai kamar kullum, amma ba ta saurari masu ɗaga hannu ba. Ta nuna ni da cokalin kwasar ƙosai.

"Ke Rabi, bakin nan naki ba aro aka ba ki ba. Ina muka tsaya?"

Na fara. Na ce Shamuwa ta tafi, sai ebi ya kama 'ya'yanta, don kalmar yunwa ta Yarbanci ce ta riga zuwa bakina. Dariya ta tashi. Iya ko kallonsu ba ta yi ba.

"Yunwa ko da wane yare aka kira ta, ciki take ci. Ci gaba, uwata."

Na ci gaba har na kai inda ta tsaya, ban bar komai ba, har zagayen Kunkuru. Sannan Iya ta karɓa. Kunkuru ya yi ta turo duwatsu da ƙirjinsa har ya yi wa yaran matakala, Shamuwa ta dawo ta tarar da 'ya'yanta sun yi ɓul-ɓul, ta sunkuyar da dogon wuyan nan har ƙasa ta gode masa. "Ƙurunƙus, ɓera ya ja ta rami, kowa ya nemi tabarmarsa." A ranar nan, da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa don daɗi.

Iya ta rasu tun kafin in shiga kwalejin horar da malamai. A can ne bana aka ba mu aiki: kowa ya rubuta jagorar da za ta nuna wa malami yadda zai yi amfani da wata manhajar waya mai karanta wa yara tatsuniya da hotuna, wadda kuma yaro zai iya naɗar muryarsa a ciki. 'Yan rukuninka su za su karanta su faɗi ra'ayinsu, kuma abin da ba su amince da shi ba, ba za ka kai shi aji ba. A tsakiyar tawa na dasa mantuwar Iya. Na rubuta cewa malami ya tsayar da labarin, ya ce ya manta, yara su tuna masa. Duk jagorar ba abin da nake alfahari da shi kamar wannan.

Latifa, ƙawata 'yar unguwar Iyana Ipaja da muke rukuni ɗaya, ba karantawa kawai ta yi ba, sai da ta gwada a kan yaran da take yi wa darasi ranar Asabar. Da muka zauna, ba ta ɓoye min ba.

"Rabi, jagorarki ta yi wallahi, amma wannan mantuwar ta kunyata ni. Na tsayar, na ce na manta, wani ɗan ƙaramin yaro ya ce, 'Anti, ki danna baya mana.' Abeg, don Allah ki cire ta."

Sauran suka goyi bayanta, suka ce ko in gyara kafin zama na gaba, ko a cire. Raina ya ɓaci, ji nake kamar Iya ake cewa a fitar daga aji. A cikin danfo, motar haya, ina huci har muka kusa gida, sai Kunkuru ya faɗo min a rai, na yi dariya ni kaɗai har kwandasta ya juyo. Ashe tsayin wuyana na auna. Na rubuta jagora ce don malamin da ya zauna a gaban murhun Iya, alhali Latifa ba ta taɓa ganin ta ba.

Sai na zauna ina tuno abin da tsohuwar nan take yi a zahiri. Tun daga nesa take jin ƙahon jirgi, sai ta ja labarin, ta ƙara waƙa, ta ƙara surutun dabbobi, don ya iso daidai inda zuciyarmu ke rataye. Ta san wanda za ta nuna tun kafin ta dafa kai. Kuma ba ta gyara wa yaro harshe sai ya gama. Duk na rubuta, dalla-dalla. Da yake ba kowane aji ne ke bayan layin dogo ba, na ce yaran su zama jirgin, su buga ƙafa su yi ƙaho, malami ya jefa wayar cikin jaka ya ce jirgi ya tafi da labari. Latifa ce ta ƙara cewa a naɗi muryar yaron, a sa masa ya ji kansa. Wannan dabara tata ce, kuma ta fi tawa.

Asabar ta gaba ta turo min saƙon murya. Wata yarinya ce, wadda Latifa ta ce ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi, tana ba da labari da Hausa irin tawa ta da, tana tuntuɓe tana tashi, har ƙarshe. Na saurara a tsaye a tsakar gidanmu, inda murhun yake a da, na yi kuka ban ji kunya ba.

Rukuninmu ya amince da jagorar, kuma wannan mataki yana ciki da sunan da na sa masa, Mantuwar Iya. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Shamuwa gargaɗi ce ga masu girman kai. Yanzu na gane cewa duk mai gini da wuyansa yake awo, kuma babban rabo ne ka samu wanda zai tsaya a ƙasa ya gaya maka gaskiya, sannan ya taya ka turo duwatsu.

Rannan Latifa ta dubi kan shafin ta ce, "Wai wace ce Iyan nan mai mantuwa?"

Na ce mata kakata ce, kuma tun da na san ta ba ta taɓa manta komai ba.