Ranar da Inna Salma ta sa masu adduna faskare

Ummu Salma, wadda duk Matameye ke kira Inna Salma, ba ta yi makarantar lakwal ba. Karatunta na boko ƴan makonni ne a likita, wato asibiti, inda aka koya mata wanke hannu, abin da ta ce ta iya tun ba a haifi mai koyarwar ba. Aka ba ta akwatin ƙarfe mai almakashi da zare, aka ce daga yau ita unguwarzoma ce. Kafin ranar ma unguwarzoma ce, akwatin ne kawai babu.

A wani ƙauye na ƙasar Kurni aka haife ta, aure ya kawo ta gari. Mijinta mai gyaran keke ya rasu da wuri, ya bar mata zaure da ɗaki. Ita ba ta taɓa haihuwa ba. Mutane sukan ambaci wannan cikin tausayi, galibi waɗanda ita ta yanke wa cibiya.

Abin da ya sa ake zancenta har yau ya faru ne wata kaka, kafin a saki gonaki. Shanu suka shiga gonar wake kusa da gari, faɗa ya tashi, aka sari wani manomi mai suna Hashimu, ya cika kafin a kai shi likita. Wanda ya yi saran ya tsere. Da aka rasa shi, sai aka ga kowane Bafillace ma ya wadatar. Aka ƙone rugar wani tsoho, Ummaru, wanda ranar yana kwance yana fama da tari, bai ko san an yi faɗa ba.

Da azahar Ummaru ya shigo gari ta lungu, tare da matarsa da surukarsa Basira mai tsohon ciki, wadda gudun ya tayar wa da naƙuda. Matar tasa ce ke kawo wa Inna Salma nono, ƙofar da ta sani ke nan a Matameye. Inna Salma ta ce kowa ya shige ɗaki. Ummaru ya ce shi ba zai zauna ɗaki ɗaya da matar ɗansa tana haihuwa ba, gara a kashe shi. Ta ce ya yi haƙuri ya mutu wata rana, yau hannunta a cike yake. Aka rataya tabarma a tsakani, ya juya fuska bango.

Ba a jima ba samari suka iso da adduna, Inusa ƙanen mamacin a gaba, idonsa jawur. Inna Salma ta tare su a zaure, hannunta a jiƙe.

"Inna, an ce Fulani sun shigo nan," in ji Inusa.

"Wanda ya gaya maka, ya gaya maka mace na kan gwiwa?"

"Ba mu ji motsin kowa ba."

"Haihuwar fari ce, ja'iri. Wace ƴar mutunci ke ihu? Uwarka ma ba ta yi ba. Kai ne ka cika unguwa da baki, ga shi har yau ba ka rufe shi ba."

Wani daga baya ya fara dariya, ya haɗiye ta. Sai ga tari daga ɗaki, mai kauri, irin na namijin da ya daɗe a duniya. Kowa ya ji.

"Wannan fa, Inna?"

"Naƙuda ce, kowace mace da yadda take zo mata. In gani kake so, bisimilla, tuɓe takalmi ka zo ka riƙe mini ita."

Babu wanda ya tuɓe takalmi. Namiji kan shiga wuta da adda, amma ba ya shiga inda mace take kan gwiwa. Inna Salma ta koma ciki ta bar su tsaye. Suna nan jaririya ta tsala kuka.

Ta sake leƙowa. "Barkanmu. Tun da Allah ya kawo ku da adduna, babu itacen ruwan wanka a gidan nan. Ga kututturen kirya can ƙofar gida." Sannan ta sassauta murya, ta dubi Inusa shi kaɗai. "Ni na karɓi Hashimu, Allah ya jiƙansa. Wanda ya sare shi ba ya ɗakina. Ka sani, na sani."

A kusurwar zauren akwai sandar kiwo, wadda tsohon ya manta. Inusa ya daɗe yana kallon sandar. Daga nan ya fita ya hau kututturen da sara, irin saran da ya fi ƙarfin itace. Sauran suka bi shi. Kafin jandarmomi su iso da la'asar, abin da aka faskara ya isa jego biyu.

Baƙin suka zauna har aka yi suna, jaririya ta ci sunan Ummu Salma, sannan suka wuce wurin dangi a Dawce. Su uku suka shiga gidan, suka fita su huɗu. Ummaru ya yi shekaru bayan haka. In an ce Inna Salma ta ceci ransa, sai ya ce gaskiya ne, Allah ya saka mata, amma ta zubar masa da mutunci.

Danginsa suka kawo mata karsana ta habbanaye, wato aron saniya har ta haifa mata maruƙa. Hukuma kuwa sai bara ta karrama ta, da jawabi cikin Faransanci, ta saurara da natsuwar wadda ba ta jin ko kalma.

Inusa ya halarci taron, da furfurarsa. Awon gero yake yi a kasuwa yanzu. Duk wanda ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: shi bai ga wata sanda ba, mace ta haihu, aka ce ya kawo itace, ya kawo. Ba mai matsa masa. Samarin ranar duk sun girma suna aurar da ƴaƴa, babu jinin tsoho a hannun ko ɗayansu, kuma iyayensu mata sun san wadda za su gode wa.

Idon Inna Salma ya yi rauni, ta ajiye almakashi. Allah ya ƙara mata lafiya.