Shekarar da Aka Rufe Kamfanin Biskit

Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni ce babba, ita ke bi mini. Iyayenmu daga Nijar suka zo, amma a Adjamé aka haife mu, a wani gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida. Da Baba ya rasu, Inna ta rasa mai taya ta zaman rumfar albasa a kasuwar Gouro, sai aka cire ni daga lakwal, wato makarantar boko, aka bar ƙanwata ta ci gaba. Ba wanda ya tambaye ni. Ni ce na fi ƙarfin ɗaukar kwando, shi ke nan.

Ƙanwata ta yi karatu har ta samu aiki a wani kamfanin biskit da alawa a Treichville, can wajen tashar jiragen ruwa. Ranar da ta fara dawowa da farar riga da kati mai hotonta rataye a wuya, Inna ta zagaya da ita ɗaki ɗaki ana sa mata albarka. Ina tsugune a bakin famfo ina wanke ɓawon albasa daga farcena, ina jin Inna tana cewa, "Wannan dai ta fitar da ni kunya." A lokacin na yi shekara da shekaru ina tashi kafin kiran assalatu in tari motocin albasa, ban taɓa jin an ce na fitar da kowa kunya ba.

Ko bayan ta yi aure ta koma Treichville, kowace Juma'a sai ta zo gaida Inna da leda cike da karyayyen biskit da ake raba wa ma'aikata. Yaran gidan, har da nawa, sukan tare ta tun daga bakin titi suna ihu, "Tanti Biskit ta zo!" Hausarta ma ta karkace, rabi Faransanci ne, amma Inna ba ta damu ba. Ni da na yi kuskuren kalma ɗaya za ta gyara mini. Ita kuwa sai a yi dariya a ce ai yaren ofis ne.

Shigarta ƙungiyar ma'aikata, wadda muke kira sandika, ta faro ne ranar da murhun gashi ya ƙona hannun wata mata da suke aiki tare. Shef ɗin ma'aikata, wato jami'in kamfani mai kula da su, wani dogon mutum mai gilashi, ya ce a shafa mata magani ta koma bakin aiki. Ƙanwata ta cire hular aikinta ta tsaya a ƙofar ofishinsa, ta ce ba za ta gusa ba sai an kai matar asibiti. Aka kai ta. Da zaɓe ya zo, ma'aikata suka ɗora ta delege, wato mai magana da yawunsu. Daga nan labarin da ake yi a gidanmu ya koma nata kaɗai.

Mai kamfanin tsoho ne da ya fara da murhu ɗaya. Ƙanwata takan ce mutum ne mai faɗa da rowa, amma ya san sunan kowa, kuma da safe yakan ɗanɗana ƙullin da yatsansa. Da ya mutu, 'ya'yansa suka dawo daga waje suka karɓa. Suka gyara ofisoshi, suka sa na'urar sanyi, suka canza hoton da ke jikin leda, injinan kuwa aka bar su da tsufansu. A daidai lokacin kuma biskit na waje mai araha ya cika shagunan da ke kewaye da Adjamé Mairie. Mijina yana da shagon takalma a layin, kullum yakan ga ana sauke katan katan.

Sai magada suka ce za su sallami matan da ke ɗura biskit a leda, waɗanda suka tsufa a wurin, su riƙa ɗaukar 'yan aikin yini. Sandika ta ce ba ta yarda ba. Aka yi ta zama ba a daidaita ba, ƙarshe aka shiga yajin aiki, kuma ya faɗo ana gab da azumi, lokacin da manyan 'yan kasuwa ke sayen kayan Sallah.

Wata safiya Inna ta dafa dambu cike da babbar roba ta ce, "Ki kai wa 'yar'uwarki, tun jiya ba ta ci abin kirki ba."

Na ce, "Inna, rumfa fa?"

Ta ce, "Albasa ba za ta gudu ba."

Na hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, na sauka na ƙarasa da ƙafa, robar a kaina. Tun daga nesa na ji muryarta. Tana tsaye a kan benci a ƙofar kamfanin, ta ɗaura jan ƙyalle a kan kallabinta, tana magana da Faransanci mai gudu kamar a rediyo. Maza manya, direbobi da makanikai masu furfura, sun yi tsit suna kallon bakinta. In ta ɗaga hannu su amsa, in ta sauke su yi shiru. Wannan yarinyar da na goya, wadda nake wanke wa allo in ta ɓata rubutu. Na tsaya a bayan taron, robar tana ƙona mini tsakar kai. Ban ji haushin abin da take faɗa ba. Bencin nake so. Ina so ko sau ɗaya in buɗe baki mutane su yi shiru haka.

Da ta sauko ta gan ni, ta rungume ni ta ce wa na kusa da ita, "Yayata ce." Suka karɓi dambun suka yi ta santi, suna cewa a gode wa maman delege.

Yajin ya cinye azumin. An daidaita bayan Sallah, aka bar matan a aikinsu, ma'aikata suka ɗauki ƙanwata a kafaɗa. Amma manyan masu saye sun riga sun koma wa kayan waje. Injin ɗaya ya tsaya ba a gyara ba, fulawa ta riƙa yankewa, aka koma aiki rana ɗaya a huta rana biyu. Kafin babbar Sallah, ma'aikata suka zo wata Litinin suka tarar da sarƙa a ƙofa. Daga baya aka ji cewa tun ana yajin magadan suke cinikin filin da masu son gina ma'ajiyar kaya.

Ranar babbar Sallah muka taru wurin Inna. Ana suyar nama a tsakar gida, ƙanwata na zaune a tabarma, ta rame, wayarta na ta ƙara tana kifewa. Mijina ne ya tayar da maganar. Ba da mugunta ba, shi dai ba ya iya riƙe abu a ciki.

Ya ce, "Ni fa gaskiya, ku kuka kashe kamfanin nan. Wa ke rufe shago ana gobe kasuwa? Ni in na rufe nawa a azumi, wa zan zarga?"

Ta ɗago ta ce, "Yaya, shagonka naka ne. In ya mutu kai ka mutu. Su fa? Sun sayar da fili sun hau jirgi. Mutumin da ke son kamfaninsa ya rayu ba ya sayen kujerun fata ya bar inji yana zubar da mai."

"To da kun bari an sallami kaɗan, da sauran suna ci har yanzu."

"Wa zan zaɓa? Ka zo in nuna maka su, ka nuna mini wadda za a fara kora."

Ni ina juya nama a kasko, sai na ji bakina ya ce, "Amma dai da kun jira Sallah ta wuce." Abin da na yi imani da shi na faɗa, har yau kuma ban canza ba. Sai dai na ji daɗin faɗarsa fiye da yadda ya kamata, kuma ina jin ta gane.

Ta dube ni ta ce, "Yaya, in ba a lokacin da suke bukatarmu ba, yaushe za su saurare mu?"

Na ci gaba da juya namana. Inna kuwa ba ta raba mana gardamar ba. Ta miƙo hannu cikin kaskona ta tsamo hanta, wadda kowa ya san ni nake so tun ina yarinya, ta ajiye a gaban ƙanwata ta ce, "Ci, kin sha wahala."

Bayan wasu watanni ƙanwata ta zo ta same ni a rumfa. Ta nemi aiki a wurare da dama, amma duk inda ta je an riga an san fuskarta, ba mai son ɗaukar delege. Ta zauna a kan buhu ta ce, "Yaya, ki koya mini sana'ar nan." Na ce to. A raina na ce yau dai ga ta ta zo inda ni ce na sani. Na nuna mata yadda ake matsa wuyan albasa a gane mai ruwa, yadda ake shanya wadda ta fara gumi, yadda ake magana da direbobin da suka kwana a hanya. Hannunta ya yi kanta, idonta ya yi ja. Ta yi asarar rabin buhu a makon farko, na yi mata faɗa a gaban mutane, ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya." Wannan makon na yi barci mai daɗi.

Daɗin bai daɗe ba. Tsofaffin ma'aikata suka gano inda take, suka fara zuwa. Wasu su zo su ce mata yako, kamar yadda ake jajantawa a nan, su sayi albasa ko ba su bukata. Wasu su zo da zagi. Wata mata daga cikin waɗanda aka yi yajin dominsu ta tsaya a gaban rumfata tana nuna ta da yatsa tana cewa, "Ke kika hana 'ya'yana makaranta!" Ƙanwata ta tashi ta ba ta wurin zama, ta bar ta ta gama, ƙarshe suka yi kuka tare. Ni ina gefe ina auna wa mai saye. Har zagin na ji ina kishi. Ni ba wanda ya taɓa tsallako gada tun daga Treichville don ya zage ni.

Wata rana sai ga shef ɗin ma'aikata da kansa, riƙe da jakar cefane. Shi ma rufewar ta haɗa da shi, magadan ba su ko yi masa sallama ba. Ya ga ƙanwata ya tsaya cak. Na ɗauka zai juya, sai ya cire gilashi ya goge ya ce, "Madam delege." Ta ce, "Shef." Ya zauna a bencina ba tare da an ce ya zauna ba, suka fara.

Faransancina na kasuwa ne, amma na bi mafi yawan zancen. Ya ce ya gargaɗe su cewa kamfanin ba shi da ƙarfin ɗaukar yaji, suka ɗauka barazana ce. Ta ce ya sha yi musu wannan gargaɗin a shekarun da ake samun riba, ta yaya za su gane ranar da ya zama gaskiya? Ya ce da sandika ta yi haƙuri shekara ɗaya, da an samu mai zuba jari. Ta ce wane mai jari, alhali ana auna filin da igiya suna ji suna gani? Sai ya ce shi ma a bakin mai gadi ya ji labarin filin. Ta ce ita kuma da ta san masu saye ba za su dawo ba, da wataƙila ta ja yajin baya. Suka dawo kan maganar injin, murya ta sake tashi, har maƙwabtana suka leƙo. Can kuma na ji suna dariya a kan wani makaniki da ke barci a cikin buhunan fulawa.

Rana ta take suna nan. Ba su yarda da juna ba, amma abu ne nasu su biyu, suna juya shi kamar masu makokin mutum ɗaya. Ba wanda ya waiwayo ya tambaye ni ra'ayina, ni da na ga kayan waje suna cika Adjamé tun kafin a fara rigimar. Da zai tafi, ita ya yi wa godiya a kan albasar da na zaɓa masa.

In aka tambaye ni yau wa ya kashe kamfanin, nakan ce magadan ne suka bar shi ya kwanta ciwo, yajin kuma ya zo masa a mummunan lokaci. Mijina na nan a kan bakansa. Ƙanwata kuwa amsarta takan canza da irin wanda ya tambaya da irin barcin da ta samu.

A damina ta gaba aka kira masu sayar da albasa zuwa mairie, ofishin magajin gari, don a tattauna inda motoci za su riƙa sauke kaya. Matan layinmu suka taru don zaɓen wadda za ta yi magana. Na girme su kusan duka a wurin, na san kowane direba da kowane lungu da ruwa ke kwanciya. Wata ta ce, "Ai muna da delege a cikinmu." Hannuwa suka tashi. Na duba hagu da dama, na ɗaga nawa.

Daren jajibirin taron ta zo gidana na zayyana mata komai, tana maimaitawa har ta haddace. Da safe ta ce in raka ta. Mutum biyu kawai aka yarda su shiga, ita da shugabar layin, sai ta miƙo mini jakarta da lemarta ta ce, "Yaya, riƙe mini, ba zan daɗe ba." Na zauna a dakalin waje, ruwa na yayyafi. Ta taga ina jiyo muryarta tana faɗin maganata cikin Faransancinta mai kyau, ana amsa mata. Mai gadin wurin ya dube ni ya tambaya ko ina jiran wani ne. Na ce masa ƙanwata ce ke magana a ciki. Ya kasa kunne ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, sannan ya ce in matsa ciki kaɗan kada jakar madam ta jiƙe.