Mai Tsintar Ɓawon Doya

A tashar Dapaong, bayan rumfar mai suyar doya, wani dattijo na tsugune yana tsintar ɓawo yana zubawa a buhu. Rigarsa wankakkiya ce, ga igiyar tatsa rataye a kafaɗarsa. Da ganinsa, ya taɓa riƙe garke. Rani ya yi nisa, harawa ta ƙare, dusa kuma ta fi ƙarfinsa. Kowane ɓawo sai ya kakkaɓe shi, kamar abincin majinyaci.

"Baba Mudassiru, yaya shanun?" in ji mai suyar.

"Saura biyu. Ɗayar tun jiya ba ta tashi ba."

"Ka yi haƙuri, damina ta kusa."

Yana ɗaure bakin buhun, ko sama bai duba ba.

"Ciyawa za ta fito, 'yata. Shanun wasu za su ci."