Maganin Masu Haihuwa a Hannun Tsoho

Goshina ya taɓa ƙasa! Yau a sallar Azahar na yi sujada, karo na farko cikin wata bakwai.

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni, na daɗe ban ce da ku komai ba a nan.

Abin ya fara ne da ciwon kai ina gonar shinkafa a Ambursa. In na sunkuya sai in ji kamar kan zai fashe. Daga baya idon hagu ya fara gani biyu-biyu. Na koma yin salla a zaune, ina nuni da kai.

Daga Birnin Kebbi aka tura ni Sakkwato. Aka ɗauki hoton kai, likita ya ce akwai ƙari kusa da ƙwaƙwalwa, sai an buɗe. Na dawo gida na yi wasiyya.

Na koma Sakkwato aka yi aikin lafiya, amma zogin da na farka da shi ban taɓa jin irinsa ba. Allurar kashe zafi kuma tana sa ni amai, kowane yunƙuri kamar ɗinkin zai ɓalle.

Da safe likita ya sa aka ƙara wani magani cikin ruwan da ake ɗaura mini. Karatuna na makarantar yamma ne, da furfurata na yi shi, don haka a hankali na haɗa baƙaƙen: maganesiyam.

Ɗiyata Hauwa'u, wadda ta zo daga Argungu jinyata, ta leƙa kwalbar sai ta dafe ƙirji.

"Baba, wanga maganin masu haihuwa na! Shi anka yi min da jijjiga ta kama ni a haihuwar Nana. Likita, ba ku yi kuskuren gado ba?"

Na ce a cire, ni da gemuna.

Likita ya yi murmushi. "Alhaji, ba naƙuda muka ce kana yi ba. Shi ne dai, amma yana taimakawa wajen rage zafi bayan aiki, sai mu rage waccan allurar da ke wahal da kai. Mun duba ƙodarka, za ta ɗauka."

Na dubi Hauwa'u. Na tuna ranar da muka fidda rai da ita, ga ta tsaye. Na miƙa hannu.

Ana ta auna numfashina da hawan jini, ana ƙwanƙwasa mini gwiwa. Washegari na sha kunu ya zauna.

Sauran ya zo sannu a hankali, har likita ya yarda in sunkuya.

Na gode wa Allah, da likitoci, da ku masu addu'a.

Ciwon kan da ke ƙaruwa in an sunkuya, a je asibiti. Wannan magani kuma kada kowa ya saya da kansa, sai da awo.

Ina gida a Gesse. Ku zo Juma'a bayan masallaci. Duk wanda ya zo zan cire masa hula ya ga ɗinkin da idonsa.