Rediyon Kawu a Kwandiko

Mun tashi daga Birnin Kudu ana idar da sallar asuba, ni da mahaifiyata, za mu Kwandiko duba ƙaninta. Damina ta yi kyau. Gero ya rufe hanya hagu da dama, duwatsu na leƙo mu ta samansa kamar tsofaffin da suka san inda za mu. A Gwaram muka karya da ƙosai, wanda ya ƙanƙance har mahaifiyata ta tambayi mai suyar ko ƙwayar magani take sayarwa. Daga nan sai babur.

Kawu ɗan ƙwallo ne a da. Tun da ya yi hatsarin mota ina 'yar firamare, kwanakinsa suka tsaya cak. Bai ƙara gane ni ba, ni da yake ɗorawa a wuya zuwa filin ƙwallo. Gwaninsa kaɗai ya rage masa, wani Bature ɗan Ingila mai lamba tara, wanda manyan ƙungiyoyi suka nema ya zaɓi ta garinsu. In ya ci, hannu ɗaya kawai yake ɗagawa. Har yau haka 'yan ƙwallon ƙauyen ke yi, ba su san wa suka gada ba.

Mun same shi da hantsi a tsohon filin, wanda yanzu gona ce. Yana zaune a tsakiyar gero, rediyo a kunne, yana sharhin wasa dalla-dalla. Na duba, babu batir a ciki. Ko tsuntsu ba ya kuka. Can ya miƙe ya ɗaga hannu ɗaya, sai iska ta kaɗa zangarniyoyin gaba ɗaya, suka yi shuu kamar 'yan kallo. Ya juyo gare ni.

"Baiwar Allah, kin ji ya ci?"

Mahaifiyata ta ƙifta min ido. Kowa a gidan "e" yake ce masa. Ni bakina ya ƙi.

"Kawu, gwanin naka ya daɗe da ajiye ƙwallo. Kansa duk sanƙo, a talabijin yake sharhi."

Ya sauke rediyon a hankali. Ya dubi geron, ya dubi furfurar yayarsa, sannan ya kafe ni da ido.

"Auta? Wa ya ba ki izinin girma haka?"

Muka dawo gida da la'asar. A ƙofa mahaifiyata ta ce min, "Ya gane ki, amma kin raba shi da filinsa."

Ban sani ba ko alheri na yi. Na dai koyi cewa shekarun da aka ɓoye wa mutum ba sa zuwa ko'ina, tsayawa suke suna jiran wanda bakinsa zai suɓuce.