Ranar da na karanta wa mahaifina wasiƙar soyayya

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na kolej a Madarumfa, saura wata guda mu zauna jarrabawar BEPC, littafin soyayya ya kusa raba ni da lakwal, wato makaranta. Kwana biyun nan na ga ana ta gardama a shafin nan kan irin littafin da ya fi daɗi, wasu har suna yi wa masu karanta na soyayya dariya. Shi ne na ce bari in ba ku nawa labarin, duk da ko yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

A lokacin babu wadda ke da littafi nata na kanta. Daga Kano suke fitowa, su tsallako ta Ɗan Issa cikin kayan ƴan kasuwa, sai su shiga hannun mata, wannan ta miƙa wa wannan. Kafin ya iso wurinka bangon ya tafi, wani sa'in har da shafin farko. Shi ya sa ba ma kiran su da sunayensu. Akwai "mai ɗigon manja", akwai "wanda akuya ta ci gefe". Kwana biyu ake ba mutum, saboda wata na jira.

Ni akwai wata marubuciya da nake ganewa ko babu bango, in na karanta shafi biyu. Ba ta gaggawa. Mutanenta ba sa iya faɗin abin da ke ransu ido da ido, sai a wasiƙa, kuma wasiƙun nan su ne ke kashe ni. Tunda littafin ba nawa ba ne, sai na ware kaye guda, irin mai shafi ɗari da muke rubuta darasi, ina kwafe su kafin in mayar. Ba ni kaɗai ke haka ba, rabin ƴan matan ajinmu na da irin wannan kaye. Wautar da na fi su da ita ɗaya ce: duk inda sunan yarinyar labarin ya fito, sai in cire in sa nawa.

Ƙawata, wadda muke benci ɗaya tun firamare, ɗiyar wani malamin asibiti ce, ƴan coci ne. Ita ba ruwanta da soyayya, sai littattafan Faransanci na binciken ƴan sanda. Kullum cikin tsiya muke.

"Ke ba kya gajiya? Shafi ɗari biyu ana kuka ana share hawaye."

"Ya fi naku, da sai an tsinci gawa a shafi na uku kuke jin daɗi."

Mahaifina mai lambu ne a bakin tafki. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana karanta boko, a hankali dai, yana bi da yatsa. Wata Talata da safe ya shiga ɗakinmu neman takardar da zai ƙulle irin tumatir. Kayen farko da hannunsa ya faɗa a kai shi ne wannan.

Da na dawo da rana na tarar da shi zaune a gindin dogon yaro, bai koma lambu ba. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya buɗe kayen ya karanta sunana, sannan ya karanta layin da ke biye: "Tun ranar da na gan ki a bakin rijiya ban sake shan ruwa ya kashe mini ƙishi ba."

"Wane ne?"

"Baba, ba kowa ba ne. A littafi na kwafo."

"Littafin ne ya san sunanki?"

A ganinsa, wani ne ke aiko mini da wasiƙu, ni kuma in kwafe in ƙone na ainihin don kada a gane hannun mutumin. Ya rufe kayen ya ce daga yau na gama lakwal, in ajiye jaka.

Mahaifiyata ce ta fito daga madafa. Ba ta iya karatu ba, amma sau da yawa ina karanta mata tana tsince wake, har ta fi ni jin haushin mugayen cikin labari. Ta durƙusa ta ce, "Malam, ka ba ta zuwa Juma'a. In littafin nan akwai shi, a kawo ka gani da idonka." Ya ce, "Juma'a bayan la'asar."

To ina littafin? Wata biyu ke nan da na mayar. "Mai ɗigon manja" ne, littafi na biyu na labarin. Ni an hana ni fita, don haka ƙawata ce ta ɗauki aikin, kuma wallahi kamar jira take. Ta zo da bik, wato biro, da takarda tana yi mini tambayoyi kamar mai laifi: wa ya ba ki, wa kika ba, ranar kasuwa ce ko ba ranar kasuwa ba. Daga mai ɗinkin unguwarmu ta bi zuwa wata amarya a bayan asibiti, daga nan zuwa matar wani masunci. Ran Laraba da yamma ta shigo gidanmu tana haki.

"Yana ƙauyen Safo, wurin ƙanwar matar masuncin. Gobe ki sake zagin littattafaina."

Ran Alhamis mahaifiyata ta gaya wa Baba ita za ta kai ni da kanta. Muka samu amalanken wani mai kai buhunan gero muka hau. Duk hanyar ina ta lissafin in an ce ya wuce gaba fa, in an yage shafukan an ƙunsa ƙosai fa.

Muka sami littafin. Mata biyar ne zaune a tsakar gida suna ɓare gyaɗa, wata yarinya na karanta musu da ƙyar, tana tuntuɓe a kowane layi. Mahaifiyata ta yi bayani, suka jajanta, suka yi salati. Amma da na miƙa hannu sai wata tsohuwa ta dafe littafin.

"A'a, ɗiyata. Saura shafi goma sha. Mako guda muna bin yarinyar labarin nan, ba za ki tafi da ita ba mu ji inda ta kwana ba. Ke da kika yi kolej, zauna ki ƙarasa mana."

Haka na zauna na karanta musu har ƙarshe. Tsohuwar ta share ido da gefen zane ta ce namijin bai cancanci yarinyar ba, wata ta ce ƙarya ne, gardama ta kaure. Muka baro su suna yi.

Juma'a bayan la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma. Ya riƙe kayen, ni na riƙe littafin. Na ɗauka zai karɓa ya duba da kansa, sai na ji ya ce, "Karanta. Ina bi."

Jama'a, ban san ko akwai wadda ta taɓa karanta wa mahaifinta kalaman soyayya da ƙarfi ba. Na gwammace ƙasa ta tsage in shige. Na karanta maganar rijiya, na karanta inda yake cewa ko inuwarta ya gani a bango yininsa ya yi kyau. Yatsan Baba na tafiya a kan rubutuna, kalma bayan kalma. Mahaifiyata na bakin madafa, ta yi kamar tana tankaɗe.

Da na zo kan sunan yarinyar sai yatsan ya tsaya.

"Nan ba haka aka rubuta ba."

Nan ne wurin da na fi tsoro tun ran Talata. Na yi niyyar in ce kuskure ne, amma kuskure ba ya maimaita kansa sau ashirin. Na ce, "Ni na sa sunana, Baba. So nake in ji yadda zai zauna in da ni aka rubuta wa."

Ya karɓi littafin, ya juya shi, ya shinshina ɗigon manjan, ya gwada shafin da na kayen.

"Wane ne ya rubuta wannan?"

"Mace ce, Baba."

"Mace?" Ya waiwaya wajen madafa. "Kin ji, ashe ma mace ce ta hana ni barci kwana uku."

Mahaifiyata ta kasa riƙe dariyarta, ta toshe baki da mayafi. Shi bai yi dariya ba. Ya miƙo mini kayen ya ce, "Wasiƙa shida kika kwafe babu kuskure ko ɗaya. In ga haka a takardar jarrabawa. Litinin ki koma."

Na koma, kuma na ci BEPC, ni da ƙawata duka. Baba bai taɓa sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Ba zan ce tsoron ya tafi ba. Har yau in wani ya ɗauki wayata ina tsakiyar karatu, sai in ji zufa ta karyo mini, alhali babu abin da nake ɓoyewa. Kwana ukun nan sun zauna mini a jiki. Amma a baya in aka tambaye ni me nake karantawa, sai in laluɓo sunan wani littafin lakwal in faɗa, don a ce ina da hankali. Yanzu ba na yi. Na soyayya na fi so, masu wasiƙu, masu jan rai. Duk mai dariya ya yi abarsa. Ni na karanta shi a gaban mahaifina, a kan tabarmarsa, kuma ban tsallake layi ko ɗaya ba.