Masarar Aro a Rumbun Zuze

Shekara arba'in da ɗaya Bambo Zuze ya yi a ƙauyen matarsa Esinati, bakin kogin Shire, kamar yadda kowane miji yake yi a wajenmu, amma har yau zaman baƙo yake. Gonar ta matar ce, gadon uwarta; nasa ƙarfi ne da fartanya. Shi ya sa ya rantse dangin Esinati ba za su taɓa cewa an kawo musu rago ba. Ko zazzaɓi ya kayar da shi, ka tambaya, hutawa yake.

Bana kogi ya tumbatsa, ya share masararsa tas, ya bar masa yashi har gwiwa. Abin da ya rage a gidan ba zai kai su wata guda ba. Sai mai gari ya sanar cewa ranar Laraba ma'aikatan gwamnati za su bi gida-gida, wanda ruwa ya yi wa ɓarna a rubuta shi, tallafi ya shigo masa ta waya.

Kowa murna yake, ban da Zuze. Shi damuwarsa baƙi za su leƙa rumbunsa su tarar ko ɓera ya yi ƙaura. Ya hau tudu wurin Fombe, ƙanin matarsa, wanda ruwa bai kai gonarsa ba.

"Ara mini masarar rumbunka, kwana biyu kacal."

"Kwana biyu? Kallonta za ka yi, mijin yaya?"

"Kai dai ba ni. Yaro da tambaya!"

Yaron nan shekararsa sittin. Ya yarda, aka kwashe masarar kaf zuwa rumbun Zuze.

Ranar Laraba Zuze ya share tsakar gida, ya yanka kazar da ta rage, ya sa kwat ɗin zuwa coci. Ma'aikaciyar, wata budurwa mai takarda a hannu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, me kuka rasa?"

"Ɗan ruwa ne ya taɓa mu, 'yata, ba wani abu ba."

Ya buɗe mata rumbu, cike har baki. Esinati ta yi ta tari daga madafa har ta gaji. Budurwa ta ci kaza, ta yaba, ta haura tudu. Fombe yana kasuwa. Ta leƙa rumbunsa, wayam, ta rubuta.

Da aka manna sunaye a bangon makaranta, ga Fombe, babu Zuze. Esinati ko tarin ma ta daina. Ranar nan tsoro ya kama Zuze na gaske, don ya san yunwa, kuma ya san shi ya gayyato ta. Ya ɗora kwandon farko a keke ya tura shi tudu, zai mayar da aro.

Fombe ya tare ƙofa.

"Ina za ka kai mini wannan? Gwamnati ta rubuta ba ni da ko ƙwaya. Maƙaryaci za ka mai da ni?"

"Ni ba na cin..."

"Juya keken nan, tsoho. Shekara arba'in muna jira ka nemi wani abu a gidanmu. Da ka nema sau ɗaya, shi ne za ka dawo da shi?"

Zuze ya gyara zaman kwandon. Sannan ya juya keken. A hanya aka tambaye shi daga ina, ya ce daga gida.